Zagin Japanawa da Na Kai wa Mai Neman Yayata

Tun da na dawo daga Faransa abokaina 'yan fadarmu ba su bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce Lawali yaya Paris, wancan ya ce da gaske ne mutanen can ba sa gaisawa. Ni kuma sai in ba su rabi in riƙe rabi, don rabin da nake riƙewa ba ya ƙara mini daraja ko kaɗan. To yanzu matata ta riga ta fesa wa matan unguwa, gara ku ji daga bakina, ko ba komai na rage gishirin da ta zuba.

Ba yawo ya kai ni ba, aike ne. Yayata Barira tana zaune a Lyon, can ta yi karatu, can ta samu aiki a wani gidan bincike kan ruwan sha. A wurin aikin ta haɗu da wani Bajapane mai suna Satoshi. Ya musulunta, ya ce aurenta yake so. Ita kuma ta rantse ba za a ɗaura ba sai Baba ya sa albarka da bakinsa. Baba bai ce a'a ba, bai kuma ce to ba. In an tayar da maganar sai ya ce shi bai taɓa ba da 'yarsa ga mutumin da bai sani ba. Ciwon ƙafa ya hana shi tafiya, shi kuma Satoshi wurin aikinsa sun hana shi zuwa Damagaram, don lokacin ana yawan satar baƙi a ƙasarmu. Haka maganar ta yi ta ja, shekarun Yaya suna doso arba'in. Ran nan bayan la'asar Baba ya kira ni zaure ya ce in je in gano masa mutumin. Ya ce, "Idonka idona ne, bakinka bakina ne." Na fito ina hura hanci, ni malamin lakwal, mai koyar da yara boko, an mayar da ni jakada.

Daga Damagaram zuwa Yamai a kar na tafi, wato babbar motar fasinja, kuma duk wanda ya taɓa wannan hanya ya san bayansa ba ya yafe masa da wuri. Tun daga Maraɗi wata mata da ke kusa da ni ta miƙo mini jaririnta don ta gyara ɗaurin kaya, ba ta karɓe shi ba sai Ƙonni, bayan ya gama jiƙa mini sabuwar shaddar da na ɗinka don shiga jirgi. Ta dube ni ta ce ai alheri ne, yaron ya yarda da ni. A Yamai na yi kwanaki ina sintiri kan biza. Mutumin da ke bayan gilashi ya tambaye ni dalilin tafiya, na ce zan je ganin mijin yayata. Ya ce to tana da aure ke nan. Na ce ai abin da zan je in yanke ke nan. Ya daɗe yana kallona kafin ya buga hatimi.

Baba ya ba ni kilishi mai yawa in kai wa Satoshi, wanda aka yi musamman, an naɗe shi cikin takarda an tura ƙasan akwati. A filin jirgin Paris wani kare ya zo ya zauna kusa da akwatina kamar mun saba. Wata 'yar duwan, wato jami'ar kwastan, ta sa na buɗe. Ta ɗaga kilishin da yatsu biyu ta ce nama ba ya shiga. Na yi mata bayani da Faransancina na aji cewa wannan ya daɗe da barin zama nama, rana ta gama da shi, wuta ta ƙara. Ta saurare ni har ƙarshe cikin ladabi, sannan ta jefa shi cikin wani babban kwandon shara. Na shiga Faransa hannu rabbana, tsarabar Baba tana kwance tare da cukun wasu mutane.

A Montreuil na sauka, wurin Malam Idi, wani Ba'adare da ya taɓa zama a gidanmu zamanin yana fataucin albasa. Yana zaune a irin gidajen nan na ma'aikata da suke kira fwaye. Ɗakinsu gadaje ne bisa gadaje, ni aka shimfiɗa mini katifa a tsakiya, duk mai fita da asuba sai ya tsallake ni yana ba da haƙuri. A ƙasan ginin akwai tela, akwai wanzami, akwai matan Mali masu sayar da shinkafa da miyar gyaɗa, in ka rufe ido sai ka rantse kana tasha a gida. Sai ka fito ka shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sannan ka tuna inda kake. Ranar farko na shiga na yi wa jama'ar ciki sallama da ƙarfi. Ba wanda ya amsa, sai wata tsohuwa da ta janye jakarta ta rungume.

Wurin cin shinkafar nan na faɗa wa Malam Idi damuwata. Tsaraba ta tafi, da me zan shiga wa mutumin? Kuma ni akwai abin da nake so in nuna masa. Ku kun sani, tsakanin ƙanen mata da mijin yaya wasa ne. Alhaji Mamman, mijin babbar yayarmu Zara, ban taɓa kiransa da sunansa ba, ɓarawon yayata nake ce masa, shi kuma ya ce mini malalacin banza mai cin tuwon gidan mutane. Ranar da na gaishe shi da ladabi sai ya aiko a tambaya ko ya yi mini laifi. To ni tun a hanya na ji ina tausayin Bajapanen nan, an bar shi a tsaye bakin ƙofa shekara da shekaru. Na ce in na zage shi, zai san mun buɗe masa. Sai dai da wane harshe? Da Hausa ba zai ji ba, zagin Faransanci kuma ba shi da ɗanɗano.

Malam Idi ya ajiye cokali ya ce na zo inda ya dace. Ashe shekaru ya yi yana wanke kwanoni a wani gidan abincin Japanawa cikin Paris, kuma duk Japanancin da ya iya, abin da babban kuku yake jefa masa ne daga safe zuwa yamma. Ya fara karanta mini. Baka, wato wawa. Urusai, rufe mana baki. Teme, wato kai, amma irin kai ɗin da ake nuna mutum da yatsa. Da na nuna masa hoton Satoshi a waya ya ga gashin gaba ya fara ja da baya, sai ya yi dariya ya ƙara mini hage, mai sanƙo. Bai tsaya nan ba, har fuska ya koya mini: a ɗaga haɓa, a karkata kai, a fito da murya daga ciki. Na tambaye shi ko abin bai yi nauyi ba. Ya ce wane nauyi, kukun nan kullum haka yake ce masa, kuma duk sabuwar shekara sai ya ba shi kyauta, ai so ne.

Washegari ya kai ni ƙofar baya ta gidan abincin don in ji daga tushe. Na kuwa ji. Wani guntun mutum mai ɗaurin kai yana zuba su ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda aka koya mini. Na lura duk wanda aka jefa wa sai ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri, ba mai dariya, ba mai ramawa. Amma ni a lokacin lafazi nake saurare, ban tsaya tunanin wannan ba.

Jirgin ƙasan Lyon gudu gare shi kamar an biyo shi. Na zauna a kujerar wani, aka tashe ni, na koma ta wata, aka sake tashe na, kafin wani ya nuna mini cewa tun farko taragon da na shiga ba nawa ba ne. Mutane suna magana ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki. Ni kuwa na shige banɗaki na rufe, na tsaya gaban madubi ina ɗaga haɓa ina cewa teme, hage, har wani ya ƙwanƙwasa ya tambaya ko lafiya.

Yaya Barira ta tare ni a tasha. Wallahi ta rame. Muka hau metiro muka ƙarasa da bas zuwa Vaulx-en-Velin, inda take zaune a wani dogon bene. Ba ta bar ni na cire takalmi ba ta fara tambaya, yaya ƙafar Baba, me ya ce, da wace fuska ya faɗa. Ta ce gobe Lahadi Satoshi ya gayyace mu cin abincin rana a gidansa, kwana biyu ke nan yana shiri, har wurin mahaucin Larabawa ya je da kansa. Ta ce ya kuma gayyato wani dattijon Bajapane da ya koyar da shi, don ta gaya masa a wurinmu mai neman aure ba ya zuwa ba babba. Sannan ta dube ni ta ce in riƙe bakina. Tun ina yaro take faɗa mini haka, don haka ban ɗauke shi wani sabon abu ba.

Abin da ya fara burge ni a gidan Satoshi, takalma a jere bakin ƙofa, kamar gidan mutanen kirki a wurinmu. Ya buɗe mana sanye da kaftani da Yaya ta saya masa, wandon bai kai idon sawu ba. Dattijon yana tsaye bayansa cikin kwat. Kafin in ce komai sai Satoshi ya durƙusa har ƙasa, irin durƙuson da ake yi wa iyaye, ya ce da Hausa, "Sannu da zuwa. Ina gajiya?" Mutumin da ya girme ni. Mai hankali a nan zai gane da wace riga ake kallonsa. Ni kuwa abin da ya zo mini shi ne, kai, bawan Allah ya wahala, bari in sauke masa wannan nauyi.

Na ɗaga haɓa, na karkata kai, na fito da murya daga ciki.

"Teme! Hage! Baka!"

Na fashe da dariya ina jiran ya taya ni. Bai taya ni ba. Dattijon ya mayar da idonsa kan bango. Satoshi bai tashi ba, sai ma ya ƙara sunkuyawa har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa, ya fara wata magana a hankali. Na ce a raina kunya ce, bari in ƙara masa ƙarfin gwiwa, sai na ce urusai. Ya kuwa yi shiru. Yaya ba ta jin Japananci sosai, amma ta ga fuskar dattijon, ta dube ni, na kashe mata ido.

Aka zauna cin abinci. Shinkafa, soyayyar kaza, wani romo mai ɗumi, da ɗanyen kifi an yanka an jera shi da kyau kamar za a ɗauki hoto. Ba wanda yake ci sai ni. Na yi fama da 'yan sandunan nan da suke cin abinci da su har na haƙura na sa hannu. Na ga wani koren abu a gefen faranti na lakato da yawa, ya hau mini hanci ya fito ta ido, na yi ta hawaye ina yabon girki. Satoshi yana ta ƙara mini, ba ya haɗa ido da ni. Dattijon ya turo mini nasa farantin, na ce wannan karamci ne, na share shi. Da za mu tafi suka raka mu har bakin titi suna ta sunkuyawa. Na ce wa Yaya mutumin yana da kirki, sai dai ba shi da fara'a.

Muna cikin bas wayarta ta yi ƙara. Satoshi ne, ta saurare shi har ya gama. A tasha ta gaba ta ja ni muka sauka, ba ma unguwarta ba ce. Na zaci za ta yi mini ihu, da ta yi da na fi jin daɗi. A hankali ta faɗa mini abin da Satoshi ya ce. Ya ce ya ji amsar Baba. Ya ce tunda har ɗan aiken ya wahalar da kansa ya koyi harshensa don kada a samu kuskuren fahimta, kuma ya faɗa gaban malaminsa, to magana ta ƙare. Ya ce ba zai zama sanadin raba ta da mahaifinta ba, ta yafe masa shekarun da ya ɓata mata.

"Tun kafin ka zo na gaya masa duk abin da ya fito daga bakinka Baba ne ya faɗa," in ji ta. "Lawali, me ka ce masa?"

Na fassara mata. Ta zauna kan bencin tasha ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka, irin kukan da ban taɓa ganin ta yi ba tun rasuwar kakarmu. Ni kuma na tsaya riƙe da ledar ragowar kaza da aka ƙunsa mini. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na ranar ba. Na zo da rigar Baba, na yi wasan ƙane a cikinta.

Da safe na sa ta kwatanta mini wurin aikinsu, ita ta ce ba za ta iya zuwa ba. Na tsaya bakin ƙofa cikin sanyi har lokacin cin rana. Da ya fito ya gan ni sai ya tsaya cak ya sunkuya. Na ja shi wani gidan kofi, na zauna na yi masa bayani tun daga farko, wasan ƙanen mata, wasan jika da kaka, wasan Barebari da Fulani, na ce mu wanda muke zagi shi ne namu. Ya saurara har na gama. Sannan ya gode mini, ya ce ni mutumin kirki ne da nake son sassauta masa abin, amma ba sai na wahala ba. Bai yarda ba ko kaɗan.

Dabara ta ƙare mini, sai na ciro waya na kira Alhaji Mamman a Damagaram na buɗe murya. Ko sallama bai bari na gama ba ya ce, "Kai ɗan banza, malalaci! An kai ka ƙasar Turawa ka manta ubangidanka? Ina fata ba ka cinye musu abincin ƙasa ba." Na ce ɓarawon yayata, riƙe bakinka ina gaban mutane. Ya yi ta ƙyaƙyata dariya. Na kashe, na fassara wa Satoshi kalma bayan kalma. Ya tambaya ko mutumin nan fushi yake da ni. Na ce shi ya biya mini rabin kuɗin hanya ma. Ya tambaya shekara nawa muna haka. Na ce tun ranar da aka kai masa amarya.

Sannan ya ce to shi yanzu me ya kamata ya yi. Na ce ya rama. Na ce in bai rama ba, abin da na yi jiya ya tabbata zagi, kuma alhakin yana wuyana. Bawan Allah gumi ya keto masa cikin sanyin nan. Ya buɗe baki ya rufe, ya gyara tabarau, ya dubi hagu da dama. Can ya ce da Faransanci, murya ƙasa-ƙasa, "Lawali, kana cin abinci kamar wanda aka kora daga gida. Har rabon malamina ka cinye." Yana gama faɗa ya miƙe tsaye ya sunkuya yana ba ni haƙuri. Na yi dariya har mai kawo kofi ya leƙo. Shi ma sai na ga kafaɗunsa suna motsi.

A nan ya faɗa mini nauyin abin da na ɗauko. Ya ce teme ba a faɗarsa sai hannu ya kusa tashi, kuma tun da ya girma ba wanda ya taɓa ce masa hage a fuska, ko da yake kullum yana ganin abin a madubi. Ya koya mini kalmar neman gafara mafi tsawo da suke da ita, muka je gidan dattijon na durƙusa na karanta ta ina tuntuɓe. Dattijon ya karɓa. Ya ce abu ɗaya yake so ya sani, wa ya koya mini, don lafazina ya fita sosai, irin na 'yan daba ne sak. Da na koma Montreuil na ba Malam Idi labari, ya ce kalmomin ba su da laifi, ni ne ban iya sakin fuska ba.

Duk hanyar dawowa ina shirya abin da zan faɗa wa Baba: mutum ne mai salla, mai aiki, mai tsabta, shi ke nan. Amma da na zauna gabansa a zaure ya kafe ni da ido, sai na ji ba zan iya ba. Na zayyana masa komai, har da koren abin da ya hau mini hanci. Na zaci zai yi dariya ko ya yi faɗa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce in maimaita masa abin da mutumin ya faɗa wa Barira a waya. Na maimaita, cewa ba zai zama sanadin raba ta da mahaifinta ba.

Baba ya murza gwiwarsa mai ciwo. Sannan ya ce, "Yana sonta, ya zaci na hana shi, kuma ya bar mini ita. Kira mini Barira."

Na kira na miƙa masa. Na ji muryarta tana gaishe shi a tsorace. Baba ya share ido da bakin rawani. Ya ce mata ta gaya wa mutumin ya turo dattijonsa a sa rana, Allah ya yi musu albarka. Abin da ta amsa ban ji ba, kuka ya cinye shi.

Ya miƙo mini wayar, ya ce ni kuma daga yau ko goro ba zai ƙara aikena saye ba.